Umma Ta Ƙi Saukowa Daga Saman Bene

Marsa Zaituna,
Laraba, 9 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana Munji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sunya da yaranku. Allah Ya sassauta maka ciwon bayan nan da tsayuwar gidan burodi ta sa maka, Ya kare ku daga sanyin Marsiliya da sharrin baƙunta. Mu ma muna nan da rai, alhamdu lillahi. An yi wa Gwaggo Baya aikin ido a Nabul, yanzu tana gani tar, abin da ta fara gani kuwa shi ne na rame, kuma ta gaya wa duk unguwa. 'Yata Ulfa ta shiga ajin ƙarshe, ta fi ni tsawo, ta kusa ta fi ni baki. Maigidana Lutfi yana gaishe ka, hawan jininsa ya ɗan taso amma yana shan magani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. Sau uku na kira ka cikin makon nan da niyyar in gaya maka, sau uku na ƙare da tambayarka ko an fara ruwa a can. Ni Jalila, wadda kake cewa ko da bango sai ta yi musu, na buɗe baki maganar ta ƙi fitowa. Shi ya sa na zauna na rubuta, Fathi direba zai shiga jirgin ruwa jibi, na kuma rantsar da shi ya damƙa maka hannu da hannu. Ba zan ja ka da nisa ba. Umma tana ɗakin saman bene tun watan Yuni, ta ƙi saukowa, teku kuma yana cin gidan daga ƙasa. Idan iskar arewa ta zo ta same ta a can, Yaya, ina tsoron ba za mu sami ko gawar da za mu wanke ba. Kuma da hannuna a cikin abin nan, gara ka ji daga bakina.

Ka tuna ciyawar teku da ke taruwa a bakin ruwa duk kaka, har ta yi tudu ta fi gwiwa, wadda muke tsalle a kanta muna yara, Baba yana ɗibar buhu guda a watan Mayu ana cusa katifa. To bara waccan babban otal ɗin nan da aka gina bayan hasumiya ya fara kawo tsofaffin Turawa har cikin hunturu, suka ce ciyawar ƙazanta ce. Baƙinmu na bazara ma suka ɗauka. Sai mace ta zo daga Tunis ta duba gida, ta yaba ɗakuna, ta yaba banɗaki, ta leƙa taga ta toshe hanci ta ce, "Gidanki ba laifi, 'yar'uwa, amma ruwanku wari yake." Mutanen garin da ke gaba da namu suka kwashe tasu, suka baza hotunan farin yashi a waya, suka janye mana mutane. Ka san yadda muke tsayawa a shataletale muna kaɗa makullai ga motocin da ke shigowa. Na wuni a rana ina kaɗawa har hannuna ya sage, motoci suna wucewa ba mai ko rage gudu. A lokacin ni ce shugabar ƙungiyar masu ba da hayar gidaje, kullum mata a ƙofata suna cewa in yi wani abu, wata biyun nan na bazara su ne abincinmu na shekara. Ni na rubuta takardar koke zuwa majalisar gari cewa a kwashe ciyawar, ni na bi gida gida aka sa hannu.

Aka kira taro a zauren majalisa, Si Tahar shugaban majalisa yana kan tebur, manajan otal yana gefensa da ruwan roba a gabansa. Ban san Umma za ta zo ba. Sai ga ta cikin farin mayafinta tana dogara sanda, ƙaninta Kawu Hadi yana riƙe da ita, ko takalmin roba na kamun kifi bai cire ba. Ta nemi magana aka ba ta. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma shekara sittin tana kallon ruwan nan ta taga, ciyawar nan ita ke rufe yashi idan teku ya haukace, in za a taɓa ta a bari sai Mayu, a kwashe da hannu, a mayar da ita a Satumba. Na ji mata sun fara gunaguni a bayana, na ji kunya wai uwata ce ke ɓata mana shiri. Na karɓi lasifika na ce, "Umma, mutanen nan wanka suka zo yi, ba kwana kan katifar kakanmu ba." Zaure ya kwashe da dariya. Si Tahar ya ce, "Mun ji, Lalla Shadliya, Allah Ya ƙara girma, a samo mata kujera." Kawu Hadi ya juya daga bakin ƙofa ya ce, "Ku kwashe, ku kwashe kawai. Mai abin zai zo nema, kuma ya san gidan kowa." Aka ɗaga hannu, nawa ya fi na kowa tsawo. Umma ba ta jira kujerar ba, ta fita.

Katafila biyu aka kawo. Abin da ba wanda ya yi tunaninsa cikinmu, mu masu wayo, shi ne cokalin katafila ba ya tsince ciyawa daga yashi. Kowace tifa da ta bar bakin ruwa rabinta yashi ne, direbobin ma suka gane, suka riƙa biyawa ta wajen masu buga bulo kafin su kai sauran juji. An kwashe a Afrilu, bakin ruwa ya yi fes, baƙi suka zo, aka yi ta sa mini albarka a kasuwa, mai kifi har ƙari yake yi mini. Da Oktoba ta zo teku ya sake kawo ciyawarsa, otal ya ce tsofaffinsa sun kusa sauka, aka sake kwashewa. Haka aka shiga hunturu yashi tsirara. Kafin Maris, Yaya, filin da kuke buga ƙwallo babu shi. Wurin da Lutfi ke kafa lemomin haya da ke ɗaukar layi huɗu ya koma layi ɗaya, shi ma mai zama ƙafarsa a ruwa. A gidan shayi sun sa masa suna mai ba kifi hayar inuwa, yana dariya tare da su, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Hotunan da na turo maka da Sallah, waɗanda ka ce gari ya yi kyau, na shekara uku da suka wuce ne. Ka yafe mini wannan ma.

Duk da haka da Yuni ta kama muka yi abin da muka saba tun zamanin Baba. Muka kwashe kayanmu muka bar wa baƙi ƙasa, ni da Lutfi da Ulfa muka koma garejin Gwaggo Baya, aka ɗora Umma a kujera, Lutfi da maƙwabci suka hau da ita ɗakin sama ta matakalar waje, wadda ke ɓangaren teku. Gwiwoyinta ba sa hawa yanzu, ba sa sauka. Wasu mutanen Kairawan ne suka karɓi gidan, suka yi mako biyu maimakon wata, matar tana cewa ruwa na dukan katanga yana hana ta barci. Bayansu ba wanda ya zo. Na ce Umma ta sauko tun Agusta, ta ce a bar ta, iskar sama ta fi mata. Ran ashirin da shida ga Satumba bayan la'asar aka yi iska, ba ma babba ba, irin wadda da can ko tabarma ba ma ɗaukewa dominta. Ina tsaye a titi ina kallo katangar tsakar gida ta kwanta gaba ɗaya. Ruwa ya rarake ƙarƙashin matakala, tsani huɗu na ƙasa suka tafi, sauran suna rataye. Ɗakin Baba ya tsage daga taga har ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga. Na yi ihu har muryata ta dushe, sai ga Umma ta leƙo ta kan katangar bene tana tambaya ko an ɗauke mata barkonon da ta shanya.

Kwana uku bayan haka aka turo wata injiniya daga babban birni, yarinya mai hankali, da ma'aikata masu awo. Suka bi layinmu, gida goma sha ɗaya, suna shafa jan fenti a ƙofa. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali. Ta ce a doka duk inda igiyar ruwan hunturu ta kai, ƙasar gwamnati ce, ba ta kowa ba. A da akwai yashi mai faɗi tsakaninmu da ruwa, yanzu ruwan yana cikin tsakar gidanmu, wato iyakar ta tsallake mu. Gidan da ke da haɗari kuma, da zarar babu kowa a ciki za a rufe shi a rushe, ba za a sake gini a wurin ba, za a ba mu ɗakuna a sababbin benayen da ke bayan tashar mota. Amma muddin da mai rai a ciki ba su da ikon taɓa shi sai da umarnin kotu, kotu kuwa ba ta zama kan maganar kafin sabuwar shekara. Ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, gidan nan ba zai ga sabuwar shekara ba, ku fitar da ita kafin ƙarshen Oktoba." Maƙwabtanmu su Si Nuri suka kwashe washegari, ranar Talata katafila ta zo, ita dai wadda ta kwashe ciyawar. Umma tana zaune a sama ta kalli abin daga farko har ƙarshe, har lokacin da aka tumɓuke itacen lemon tsaminsu. Tun ranar ta ja ƙofar ƙarfen saman matakala ta sa sakata.

Babu abin da ban gwada ba. Liman ya zo ya tsaya a titi yana yi mata nasiha da ƙarfi saboda kunnenta, ya ce rai amana ne, ta ce ta gode, ta sa a ba shi shayi. Si Tahar ya zo da kansa da rigar kwat, ya ɗaga kai yana cewa majalisa za ta ba ta ɗaki a hawa na farko mai kallon lambu. Ta leƙo ta ce, "Tahar, ɗan mai soya fanken bambaluni, ni na yi maka wankan jego, kai da uwarka. Ka hau da katafilarka ka kwashe ni, ai na ji an ce ba ta tsincewa." Mutanen da suka taru suka yi dariya, shi ya shiga mota. 'Yan kwana-kwana sun kafa tsani ta bayan gida, shugabansu ya hau, ya tarar da ita zaune da kaskon gawayi a gabanta da carbi a hannu. Ta ce masa in ya taɓa ta Allah Ya isa. Ya sauko ya ce shi ba zai ɗauki tsohuwa tana Allah Ya isa ba, ko za a kore shi daga aiki. Lutfi ya ba da shawara a sa mata maganin barci a shayi a sauko da ita. Na zage shi tas a gaban 'yarsa, sannan na yi kwana biyu ina juya maganar a raina, har na je ƙofar kantin magani na dawo. Zuciyarta ba ta da ƙarfi, in ta kwanta ba ta tashi ba fa?

Abinci da igiya muke aika mata a kwando, kuskus da miya da ruwa da maganinta. Ni kuwa na rasa abin yi da kaina, sai na ari baro na tafi jujin da ke bayan mayanka, inda aka zubar da ciyawar, na fara dawo da ita ina jibgewa a gindin gidan. Ka yi tunanin ƙanwarka, mai lasifika, tana tura baron ruɓaɓɓiyar ciyawa ta gaban gidan shayi. Wani ya ce, "Shugaba, wannan karon ma sai mun ɗaga hannu?" Wata daga cikin matan da suka fi kowa matsa mini a da ta ce ai ita tun farko ba ta yarda ba. Na ci gaba da tura barona, ka san kuwa abin ya kai inda ya kai. Kwana biyu ina yi ni kaɗai, a na uku mata huɗu na layinmu suka fito da buhuna. Kawu Hadi ya zo ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Aikin banza kuke yi, 'yar nan. Abin da ya yi shekaru yana taruwa ba a mayar da shi da baro." Ya faɗi haka, ya tuɓe rigarsa ya karɓi baron daga hannuna. Da safe muka tarar ruwa ya ɗauke rabin abin da muka tara. Kawu ya ce kada in dogara da ƙarshen watan injiniya, shi abin da yake gani a ruwa, iskar arewa ba za ta wuce ashirin ga wata ba, masunta ma sun fara jan jiragensu tudu.

Jiya da hantsi na sa Lutfi ya ɗora katako a inda tsanin ya karye, na hau da rarrafe, matakalar tana motsi a ƙarƙashina. Na yi ta bugun ƙofa har ta buɗe. Yaya, ta ƙanƙance, ƙafafunta sun kumbura, ɗakin kuma ya karkata har butarta ba ta zama daidai. Na durƙusa na kama ƙafarta na ce ta yafe mini abin da na yi mata a zauren majalisa, in fushi take yi ta sauko ta yi fushin a ƙasa, ta mare ni a tsakiyar kasuwa in tana so. Ta dube ni kamar na yi maganar shirme. Ta ce, "Ke tafi can. Na yafe miki tun kafin in kai ƙofar zauren. Bakinki ai nawa ne, a wurina kika ɗauko." Na ce to me ya hana ta saukowa? Ta ce ni ina da gidan miji, ko a gareji ne ina da inda zan sa kaina. "Munji fa? Yaron nan kullum in ya bugo sai ya ce, Umma, baɗi zan tattara in dawo gaba ɗaya. In na sauka suka rushe, ya dawo ya sauka ina? Ya tsaya a shataletale a kaɗa masa makulli kamar baƙo, a garin ubansa?" Na ce a kira ka yanzu ka yi mata magana. Ta ce ita ba ta jin komai a cikin abin nan sai ƙara, kuma ta san halina, zan iya sa kowane ƙato ya yi muryarka. Ta ce gidan amanarka ne a hannunta, in kai ka tsaya a gabanta ka ce ba ka bukatarsa, za ta sauko a ranar. In ba haka ba tana nan.

Na sauko ina kuka, ina kuma jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Shekara ashirin da biyu kana cewa baɗi. Ni na sani, Sunya ta sani, kai ma ka sani, 'ya'yanka ko Larabcin kirki ba sa yi, ka sayi gida a can, har wurin da za ka buɗe naka gidan burodin ka nuna mini a waya. Ban taɓa ganin laifinka ba, kowa da inda Allah Ya ajiye abincinsa. Na san don ka faranta mata kake faɗa, ni ma ina jin ka ina yin shiru don in ga ta yi murmushi. Ita kaɗai ce ta ɗauki maganar da gaske, ga shi tana zaune a kan ginin da ke rawa tana gadinta. Ni na jawo ruwan ya zo ƙofarta, wannan zan amsa shi a gaban Allah. Amma abin da ya riƙe ta a sama ba nawa ba ne, kuma ba ni da ikon kwance shi.

Na san hutunka na bana ya ƙare, na san maigidanka ba shi da sauƙi. Ka roƙe shi, ka ce masa uwarka ce. Jirgin da zai kai Fathi yana juyowa ranar Talata, in ka same shi za ka kwana a nan ran sha shida, in na sama ya samu kafin nan ya fi. Kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka turo kuɗi a maimakon kanka, ba abin da za su yi mana. Kuma kada ka zo ka lallashe ta da cewa za ka gina wani, za ta gane, ta san fuskarka in kana kwana-kwana.

Ka gaishe mini da Sunya, ka ce mata ta yi haƙuri da abin da na ɗora wa gidanta. Ka shafa kan Nadir da Salsabil, Allah Ya raya su. Ka gaida Si Abdurrazak maƙwabcinku da ya karɓe mu hannu biyu shekarar da muka zo. Kawu Hadi yana gaishe ka, Gwaggo Baya tana gaishe ka tana kuka, Lutfi da Ulfa suna gaishe ka. Umma ba ta san na rubuta ba, da ta sani da ta ce kada a tayar maka da hankali.

Yaya Munji, ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi. Ka zo gida, ka hau matakalar nan tun tana ɗaukar mutum, ka dubi idon uwarmu ka gaya mata ba za ka dawo ba. Zai yi mata ciwo, na sani, wataƙila ba za ta sake yi maka dariya kamar da ba. Amma za ta ji ciwon tana raye, a ƙasa, a hannunmu.

Allah Ya kawo ka kafin iska.

Ƙanwarka mai jiran ka a bakin titi,
Jalila